Inda Fatun Saratu Suka Tafi

Da babbar Sallar da ta wuce, kuna zaune a tsakar gida kuna cin soyayyen nama, aka taɓo hirar babanku, Allah Ya jiƙansa. Sai na ji Saratu ta ce cikin dariya wai ita dai an kai ta ɗakin miji babu tum-tum ko ɗaya, saboda Baba ya kwashe fatunta ya ɗinka wa injinsa riga. Kowa ya kwashe da dariya, har da jikokin da ba su san shi ba. Ni ban yi ba. Ni na haifi Saratu, na san dariyarta ta gaske, na kuma san wadda take da ƙashi a ciki. Wannan magana ta daɗe tana yawo a gidan nan a karkace, kuma ni kaɗai na rage da zan iya miƙe ta. Saboda haka ga saƙona, duk inda kuke ku zauna ku ji yadda aka yi.

Manyan cikinku sun san babanku lokacin da yake direban babbar mota, yana ɗaukar hatsi daga Gusau zuwa kudu. Mutum ne mai murya. In ya dawo daga tafiya, tun daga bakin layi ake jin gaisuwarsa, kafin ya iso zaure har kajin gida sun san ya dawo. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai 'Yar Bungudu, yana ja kamar mai kiran fasinja a tasha. Mahaifiyata ta kan ce ban auri miji ba, kasuwa na aura. To wata damina motarsa ta faɗi da shi a kusa da Kwatarkwashi. Allah Ya yi da sauran kwana, amma ƙafar dama ta murƙushe. Ta warke a sandare, ba ta lanƙwasuwa, likita ya ce shi da taka birki har abada. Aka dawo da shi gida, ya sami gefen tabarma a zaure ya zauna, ya yi shiru.

Ba ƙafar ce ta tayar mini da hankali ba, gurgu ma yana cin tuwo yana dariya. Shirun ne. Abokansa na tasha suka yi ta zuwa suna ba shi labarin hanya, yana amsa musu da ka, har suka gaji suka rage zuwa. Rediyon da ba ya rabo da shi ya tura shi ƙarƙashin gado. In na kai masa abinci sai ya ce sannu, in na zo ɗaukar kwano sai ya ce an gode, shi ke nan maganar yini. Da na ga zama ba zai ciyar da mu ba, na sayar da saniyar da na gada, na sa injin niƙa a ɗan shagon da ke jikin zaure, da janareta, don wutar unguwarmu kun san halinta, baƙuwa ce. Allah Ya sa wa abin albarka, gida bai rasa tuwo ba. Amma kullum na tayar da injin sai in ga babanku ya ƙara sunkuyar da kai. Mutumin da ya ciyar da gidaje da yawa ya koma cin gumin matarsa, kowace loma sai ta tsaya masa a wuya. Na yi addu'a, na yi lallashi, har faɗa na tone shi da shi don dai ya buɗe baki ya rama, bai rama ba. A shekarar nan na ji tsoron da ban ji ba ranar da aka ce mini motarsa ta faɗi.

Wanda Allah Ya turo mana shi ne Alhaji Garba na Tsafe, tsohon makanikin da ya daɗe yana gyara wa babanku mota. Wata rana da hantsi sai ga shi da akori-kura, a bayanta an ɗaure wani abu an lulluɓe da buhu. Da aka sauke sai ga ɗan injin sassaƙa ƙarfe, wanda kuka taso kuka gani. Ga wanda bai taɓa kula da yadda yake aiki ba: ana kama guntun ƙarfe a bakinsa, injin yana juya shi, sai a matso da wata 'yar wuƙa tana feƙe shi har ya zama abin da ake so. Wuƙar tana ɗaure a kan wani abu da babanku yake kira sirdi, sirdin kuma yana zamewa gaba da baya a kan dogayen ƙarafa biyu masu sheƙi, kamar layin dogo. Kullum ana shafa musu mai. Alhaji Garba ya sa aka kafa shi a kusurwar shagona, don nan ne kaɗai akwai daɓen siminti da waya da rufin da ba ya yoyo. Sannan ya je ya tsaya a kan babanku.

"Direba, tashi ga amana na kawo maka. Idona ya yi rauni, ɗiyana ko ba mai son ƙarhe. Ka yi wasa da shi, ya hi maka kallon bango. Abu guda nika roƙo. Layukan ga biyu su na ran injin. In sunka ci, ya mutu, ba mai gyara shi ƙasag ga. Rad da ka ga ba ka iya tsare su, ka aiko in zo in ɗauki abina."

Injin ya yi kwanaki a ajiye. Sai wata rana ina auna garin wata mata na ji ƙarar sanda a bayana, na waiga na gan shi tsaye yana shafa layukan nan da yatsa. Na yi kamar ban gani ba, na ci gaba da awona.

Daga nan aka fara. Abin da ya fara yi wani ɗan ƙarfe ne da bai yi kama da komai ba, ya jefar. Sannan ya yi wa maƙwabciyarmu ƙusar keken ɗinkinta da ta ɓace. Ya yi wa mai ruwa sandar tayar kurarsa. Ya yi wa yaran layi katantanwa ta tagulla mai daɗewa tana juyi. Bai taɓa karɓar ko sisi ba, ya ce ba sana'a ba ce, wasa ne, kuma injin ba nasa ba ne. Ni dai ba ruwana da abin da yake ƙerawa, kunne na kasa. Da farko ƙarfen ya fara yi wa faɗa ƙasa-ƙasa. Sai ya fara 'yan waƙoƙinsa na hanya. Ranar da ya ɗaga murya sama da ƙarar injina ya ce, "'Yar Bungudu, miƙo man tsumman can!" sai da na shiga ɗaki na share hawaye kafin na kawo masa.

Ku lura da abu ɗaya, don shi ne tushen maganar. Injin babanku ba ya tashi sai da wuta, wuta kuwa sai na tayar da janareta don niƙa. Man da ake ƙonawa ba ya isa a tayar wa kowa daban. Saboda haka lokacin da nake niƙa shi ne lokacin da yake aikinsa, ni a wannan kusurwa, shi a waccan. Da damina ba a ga illar hakan ba, niƙan kaɗan ne. Da kaka ta shigo, sabon gero da dawa da masara suka cika gari, mata suka yi ta layi da kwanoni tun safe. Shagon ya zama fari fat, har girarmu. Hatsin da aka sussuka a ƙasa kuwa ba ya rasa yashi, injin niƙa yana haɗawa da shi ya mai da shi gari. Wannan garin ne yake sauka a kan man da ke layukan nan, ya kwaɓe, ya zama kamar tokar da muke dirje tukunya da ita. Sirdin yana bi ta kai yana gogawa. Babanku ya koma rabin aikinsa sharewa ne, ya share ya shafa mai, kafin ya juya wani ya sauka. Ina ganinsa, amma na ɗauka tsabtar direbobi ce, da ma haka yake yi wa gilashin mota.

Wata rana da la'asar na ga ya tsaya ya daɗe yana jan farcensa a kan layin gaba. Ya kashe injin, ya jawo tsohuwar tabarma ya rufe shi, ya koma zaure. Washegari bai shigo shago ba. Da na kai masa koko na same shi da waya a kunne, na ji yana cewa:

"Alhaji, layin ya hwara ci. Ban iya tsare shi ba. Ka zo ka ɗauki abinka tun bai lalace ba."

Alhaji Garba ya ce yana tsakiyar kai amfanin gona gida, amma da zarar motar ta samu sarari zai zo. Na dire kokon har ya fantsama.

"Malam, mi na ji kana hwaɗi?"

"Abin da kinka jiya."

"To in kashe niƙan mana, ko in rage."

"Mu ci mi? Ba ni cewa ki kashe abin da ka cishe mu don wasana. Amana ta, kuma na ga ba ni iyawa. Shi ke nan."

Ya juya fuska bango. Wallahi na ga bangon nan kamar kabari. Na san in akori-kurar nan ta zo ta tafi da injin, da muryar babanku za ta tafi, kuma wannan karon ba lalle ta dawo ba. Na yi ta juya abin a raina. Babu wani ɗaki a gidan da za a mai da shi, labule kuma ba ya tare gari, wanda ya taɓa niƙa ya sani. Rufe shi da tabarma yana amfani ne in yana kwance, alhali cutar tana samunsa ne yana aiki. Da rana ta yi na koma na tsaya a kansa, na ce ya tashi ya nuna mini inda ya ci, in ba haka ba ba zan gusa ba. Ya san halina. Ya tashi yana ƙunƙuni, ya kama yatsana ya bi da shi a kan layin. Wani ɗan zane ne siriri kamar gashi, ido ba ya ganinsa sosai, sai farce.

"To a yi ma layin riga mana," in ji ni.

"Riga ga abin da sirdi ka tahiya bisa? Ke dai kin iya magana."

"Rigar da ka tahiya tare da sirdin. Ka manta rad da ka ɗauko ni ina amarya daga Bungudu cikin motarka? Ina kallon gindin giya, akwai wata riga mai ninki-ninki, in ka tura ta takure, in ka jawo ta miƙe. Ka ce man don kada ƙasa ta shiga na."

Ya dube ni, kallon da ya daɗe bai yi mini ba. Ya ce ashe ranar ba kuka nake yi ba, giya nake kallo. Na yago takardar buhun siminti na ninke ta gaba da baya kamar mafici, na ɗora a kan layin, na tura sirdin. Ta takure. Na jawo, ta miƙe. Bai ce ta yi ba, amma bai koma zaure ba.

Na fara gwadawa da wani tsohon zane mai kauri, na ɗinka shi ninki-ninki, muka ɗaure da waya. Da ya tayar da injin, ɓarɓashin ƙarfen da ke faɗowa da zafinsa ya fara huda zanen, yana hayaƙi. Ban gama cewa a'uzubillahi ba sai gefen da ke reto ya taɓa wani dogon ƙarfe mai juyawa a ƙasan layin. Kafin ƙiftawar ido ya naɗe shi, ya fizge rigar gaba ɗaya kamar akuya ta samu shanya. Hannun babanku yana kusa da wurin. Ya kashe injin, ya tsaya yana kallon yatsunsa. Ni kuwa na zauna a kan buhun wata mata.

"Kin gani? Tsumma ba ya zama kusa ga injin ga. Bari dai Alhaji shi zo."

"Robar tayar mota hwa?"

"Mai na cin roba, kwana kaɗan ta kwaɓe." Sannan ya ce kamar da kansa yake magana, "Sai hwata. Jemammiya, mai laushi, wadda ka ninkuwa ba ta tsagewa. Wuta ba ta huda ta, mai ko abincinta na."

Yana faɗa ya kau da kai, don ya san inda irin wannan fatar take, ni ma na sani. Tana cikin adakata, ƙarƙashin gado.

A gidanmu na Bungudu akwai abin da uwa take yi wa 'yarta. Tun yarinya tana ƙarama ake ware mata jajayen awaki. Duk wadda aka yanka, da suna ko da Salla, sai a kai fatar wurin majema, a adana. In aure ya matso a ba dukawa su ɗinka tum-tum, a jera a ɗakin amarya. Kowa ya shiga ya gani ya san yarinyar nan uwarta ta daɗe tana tunaninta. Haka kakata ta yi wa uwata, haka uwata ta yi mini. Awakin Saratu suna garin Kekun Waje wurin yayana, shi yake kiwonsu, shi yake aiko mini da fatun ɗaya bayan ɗaya, ja wur, masu laushi kamar ƙyalle. A shekarar kuwa an riga an sa ranar Saratu, tana can makarantar kwana tana ƙarasa karatu, baduku ma ya aiko yana tambayar yaushe zai zo ya karɓa. Kada ku ce me ya hana ni sayen wata a kasuwa. Na je. Wadda hannuna ya kai gare ta a shekarar biki busasshiya ce, ina ninkawa tana tsagewa a gaban mai ita. Ga Alhaji Garba kuma ko yaushe yana iya sallama.

Na yini ina buɗe adakar nan ina rufewa. Na tuna ranar da aka ware wa Saratu 'yar akuyarta ta fari, tana bin ta da gudu tana faɗuwa. Na san abin da dangin uba za su ce. Na san yarinyar za ta ji ciwo, don ta sha zuwa ta ce in buɗe mata ta shafa. Sannan na leƙa zaure na ga ƙeyar babanku. Na tambayi kaina, wanne Saratu ta fi bukata ranar aurenta, abin zama, ko uban da zai buɗe baki ya yi mata addu'a a ji? Da gari ya waye na gama sallamar masu niƙan safe, na ɗauko fatun da almakashi, na kira shi shago, na shimfiɗa su a kan benci. Fuskarsa ta canza.

"Mai da su inda kinka ɗauko. Na ɗiya na."

"Na sani. Ni na tara su."

"Na ce ki mai da su! Ba a taɓa kayan ɗiyata don wasan tsoho."

Na kama wadda ta fi kyau, na sa almakashi a tsakiyarta, na raba ta biyu yana kallo.

"Yanzu dai ba ta zama tum-tum. Kawo ma'auni."

Ranar babanku ya yi mini faɗan da bai taɓa yi mini ba tun da aka kawo ni gidan nan. Ya buga sanda a ƙasa, ya ce ni da taurin kai an yi mana wankan jego tare, ya ce mutanen Bungudu duk haka suke, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ni kuwa ina tsaye da almakashi, ina jin muryar nan tana cika shago tana fita layi, daɗi ya kama ni har sai da na danne murmushi. Da ya gaji ya zauna yana haki. Can ya miƙa hannu ya ɗauko ma'auninsa.

Aikin ya ɗauke mu kwanaki, kuma ba a yi shi cikin lumana ba. Shi yana aunawa yana zana layi da alli, ni ina ninkawa ina ɗinki da basilla. Ya ce ninkina ya yi faɗi, zai hana sirdi isa ƙarshe. Na ce in ya iya ya karɓi basillar. Fatar ta yi laushi da yawa, tana kwantawa a kan layin, sai ya yanko sirara daga jikin tsohuwar jarkar mai, na cusa su cikin kowane ninki kamar haƙarƙari, ta tsaya da kanta. Saboda abin da zanen nan ya koya mana, ya datse gefen daidai, ko ɗan yatsa bai bari yana reto ba. Ya yi ƙananan ƙusoshi a kan injin da kansa, ya danne bakin fatar da fallen ƙarfe, ɗaya a jikin sirdi, ɗaya a ƙarshen layi. Riga biyu muka yi, ta hagu da ta dama, fatun kuwa suka ƙare kaf, don mun ɓata wasu wajen koyo. A cikin kwanakin nan ya ba ni labaran hanya da ban taɓa ji ba, har da wanda ya kamata a ce ya ɓoye.

Ranar gwaji ta faɗo daidai da bikin wasu maƙwabta, aka kawo niƙa kamar za a ciyar da gari. Tun hantsi injina yake kuka, shago ya yi fari har ba na ganin fuskarsa sosai. Shi kuma yana can yana aikinsa, jajayen rigunan nan suna takurewa suna miƙewa, gari yana sauka a kansu. Ban iya cin abincin rana ba. Da la'asar sakaliya na kashe janareta, wurin ya yi tsit. Ya kakkaɓe fatar a hankali, ya kwance ƙusa, ya ɗaga. Ya nemi farin ƙyalle, na ba shi gefen ɗankwalina. Ya goga a kan layin tun daga farko har ƙarshe, ya kai bakin ƙofa wurin haske, ya duba. Mai ne kawai, garau, ko ɗigon gari babu. Ya yi ajiyar zuciyar da na ji ta har cikin ƙashina.

"'Yar Bungudu, akwai sauran tuwo? Yunwa nika ji."

Bayan 'yan kwanaki Alhaji Garba ya iso da akori-kura da igiyoyinsa. Babanku ya kai shi shago, bai ɓoye masa komai ba, ya kama yatsansa ya nuna masa zanen nan na farko. Tsohon ya sa tabarau, ya ɗaga riga, ya bi layin da farce, ya tura sirdi ya jawo, ya sake turawa. Ina bakin ƙofa ina kallo.

"Wanga ɗan zane ba shi kashe inji, in dai bai samu ƙane ba. Wa ya ɗinka wagga riga?"

"'Yar Bungudu ta."

"To Direba, ka sa na ƙona mai banza. Injin ga ya yi aure gidan ga, har an yi mai lehe. Ni ko ba ni raba aure."

Ya ci tuwo ya sha fura, ya hau motarsa ya koma Tsafe da igiyoyinsa a naɗe. Na tsaya a zaure har ƙarar motar ta ɓace, sannan na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗuna, na shiga ɗaki na yi sujada.

Saura biyan kuɗin sabulu, wato gaya wa mai fatun. Saratu ta dawo ana saura kaɗan biki, hidima ta yi yawa, na yi ta neman bakin da zan faɗa mata ban samu ba. Ranar da aka fito da kayan ɗaki tsakar gida don dangi su gani kafin a loda, Gwaggo Hassi, yayar babanku, ta zagaya kayan tana taɓawa ɗaya-ɗaya. Kun san ta, idonta ba ya tsallake allura. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ina tum-tum ɗin da anka daɗe ana yi muna kuri da su? Ko awakin Kekun Waje ba su da hwata?"

Saratu ta ɗago kai daga cikin mayafi ta dube ni. Na buɗe baki zan faɗa, sai muka ji ƙarar sanda. Babanku ne a bakin ƙofar tsakar gida, wurin da bai taɓa tsayawa ba in mata sun taru. Ya yi magana da muryarsa ta da, ta tasha, wadda ake ji daga bakin layi.

"Hassi, ki bar neman mai laihi, ga ni. Ni na ɗauke hwatun na yi ma injina riga. Mai magana shi yi da ni."

Gwaggo ta yi masa tatas, ta ce tsufa ya zo masa da wauta, ta ce ƙarfe ya fi masa ɗiya. Ya tsaya ya shanye duka, har yana ba ta amsa. Saratu ta kifa kai ta yi kuka, kukan nan har yau yana cina. Amma ba zan ɓoye muku ba, a ƙarƙashin ciwon akwai sanyi, don mutumin da ya shekara yana kallon bango shi ne tsaye a gaban taron mata yana kare gidansa. Da mutane suka watse na same shi na ce don me ya yi haka, ni zan je in gaya mata gaskiya.

"Kul. Uwa da ɗiya ba a sa ƙulli tsakaninsu, wurinki za ta zo haihuwa. Ni ta yi hushi da ni, ta huce. Muddin ina da rai ban yarda ki hwaɗi ba. In na mutu ki yi yadda kika so, da ma ba ki jin magana."

Washegari shi ya riƙe hannunki, Saratu, ya yi miki nasiha da addu'a har sai da aka ce ya taƙaita mota tana jira. Wannan kaskon turare na tagulla da ke kan madubinki, wanda ya aika miki bayan biki, a kan injin ya yi shi, ya ɓata guda nawa kafin ya samu wanda ya gamshe shi. Bayan nan ya yi shekaru masu yawa yana cika mana gida da surutu, ya yi wa 'ya'yanki katantanwa, ya rasu da baƙin mai a ƙarƙashin farcensa. Na riƙe masa alkawari har ƙasa ta rufe shi, na ƙara da wasu shekaru saboda nauyin baki.

To yau na sauke. Babanki bai taɓa fatarki ba, cewa ya yi a mayar. Ni na sa almakashi, kuma da za a dawo da ranar, da na sake sawa. Injin yana nan a shago inda ya bar shi. In kin zo ki shiga ki duba rigar. Mai ya mai da bayanta baƙi ƙirin, amma ki buɗa ninkin da yatsa, cikinsa har yanzu ja ne wur, kamar ranar da aka kawo daga Kekun Waje. Fushin da kika yi da shi kuwa ba nasa ba ne, nawa ne. Ga ni da raina, ki zo ki yi da ni.